Sa'ar hafilin: wane irin tagomashi aka ba ƙananan mutanen Dungeons & Dragons?

A littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons da ya fito a 2014 akwai wata 'yar ƙa'ida da ba ta wuce layi biyu ba, an ajiye ta ƙarƙashin bayanin ƙabilar hafilin, wasu gajerun mutane na ƙage da ke cikin wasan. Ta ce idan mai wasa da ɗan wannan ƙabila ya jefa dayis mai fuska 20 ya faɗo a kan 1, ko wajen kai hari ne, ko gwajin iyawa, ko jifan tsira daga wani bala'i, to ya ɗauka ya sake jefawa, abin da ya fito karo na biyu kuma shi zai karɓa. Sauran ƙabilun littafin an ba su abin da ido ke gani. Wasu na gani a duhu, wasu na feso wuta da baki, wasu sihirin sa barci ba ya cin su. Hafilin sa'a aka ba su. Marubutan wasan kuma ba su bar sa'ar nan tsirara ba, sai da suka gina mata tarihi da al'ada da ababen bauta, suka ce tagomashi ne daga wata uwargijiya mai suna Yondalla.

Matasanmu na Katsina da suka san hafilin, akasari ta wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 suka san su, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023 bisa ƙa'idojin littafin nan, sai kuma bidiyoyin masu wasan a YouTube. Da yawa suna jin an ce "mai sa'a" sai su ɗauka ƙabila ce ta cin nasara, su zaɓe ta, daga baya su yi ta ƙorafin ba su ga wata sa'a ba. Sa'ar tana nan. Irinta ce ba su gane ba, kuma ba za a gane ta ba sai an san mutanen da aka yi ta dominsu.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: mutane kaɗan ne ke zama, ɗaya shi ne jagora mai ba da labari, sauran kowa da gwarzon da yake magana da yawunsa. Jagora ya ce kun iso bakin kogi gada ta karye, kai kuma ka ce gwarzona zai yi tsalle. Dayis ne zai raba gardama, irin na lido amma mai fuska 20. Duniyoyin da labaran ke gudana a ciki ƙage ne, ababen bautar cikinsu ma ƙage ne, an san marubutan da suka ƙirƙiro su, an san shekarun da aka buga su. Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya, kuma nazarin Yondalla a nan daidai yake da nazarin Dodo a tatsuniya: abin da ake nema shi ne me mai labarin yake son faɗa a kan mutane. Akwai malaman da ke ƙyamar duk wasan da ake jefa dayis ko da babu kuɗi a ciki, wannan kuwa tambaya ce da kowa zai kai wa malaminsa.

Asalin hafilin aro ne. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin ta Amurka, sunan ƙabilar hobit, kai tsaye daga littafin The Hobbit da J.R.R. Tolkien ya wallafa a Ingila a 1937. A 1977 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin fim da kayan sayarwa na ayyukan Tolkien ya yi wa TSR barazanar shari'a, sai aka sauya suna aka bar halitta yadda take. Abubuwa biyu suka biyo su daga wancan littafi. Gwarzon labarin, Bilbo, an ɗauke shi tafiya ne a matsayin ɓarawon ayari, an kuma ɗauke shi don ya cike mutum na 14 saboda matafiya 13 na gudun rashin sa'ar lambar. Sata da sa'a ke nan, tun daga tushe. Amma hobit ɗin Tolkien ba su da ɗakin bauta ko masu hidimarsa. Marubucin Kirista ne ɗan Katolika, kuma ya bar sa'ar Bilbo a matsayin ishara cewa akwai hannun da ke tafiyar da al'amura a ɓoye, bai sa wa hannun suna a labarin ba.

Dungeons & Dragons ba ya iya wannan kawaici. Tun fitowar farko akwai rukunin gwarzo mai hidimar abin bauta, wanda ke warkar da rauni da ƙarfin da yake samu daga wanda yake yi wa hidima, don haka dole kowace ƙabila a san nata. A 1980 littafin Deities & Demigods ya kawo Yondalla. A watan Maris na 1982 Roger Moore ya rubuta a mujallar Dragon, fitowa ta 59, ya ƙara mata Arvoreen da Brandobaris da Cyrrollalee da Sheela Peryroyl. Urogalan ya zo daga baya.

A nan ne abin yake da daɗin dubawa, don ababen bautar kowace ƙabila a wasan madubin abin da take tsoro ne da abin da take buri. Yondalla alamarta garkuwa ce, a jikinta an zana ƙaho cike da amfanin gona: tsaro da ci, a abu ɗaya. Cyrrollalee ita ce ta murhu da amana da karɓar baƙi, alamarta ƙofa a buɗe, kuma babban laifi a wurinta shi ne cin amanar baƙo ko baƙo ya ci amanar mai masauki. Sheela Peryroyl ta gona ce da yanayi da furanni. Urogalan na ƙasa ne da mutuwa, alamarsa kan baƙin kare, kuma ba a zana shi a matsayin abin firgita ba, mai rakiya ne da ke tsaron waɗanda aka binne. Arvoreen shi kaɗai ne na yaƙi, da gajerun takubba biyu a gicciye, amma duk aikinsa gadi ne: sintiri, shiri, sanin ta ina maƙiyi zai ɓullo. Ka duba jerin nan da kyau, babu mai cin ƙasashe, babu na sarauta, babu na tara dukiya, babu na zurfin sihiri. Ƙofa, murhu, gona, gadi, kushewa. Iyakar duniyar ke nan, kuma ba su nemi ta fi haka ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, su kam sun ɗauki maganar da gaske har sun gina addininsu a kanta.

Littafin Mordenkainen's Tome of Foes na 2018 ya fi kowane fito da wannan fili. Littafi ne na tsofaffin gaba: yaƙin shaiɗanu da ifiritai da ba ya ƙarewa, rabuwar ƙabilar elf masu tsinin kunne, gabar ƙabilar duwaf, gajerun maƙera masu gemu, da 'yan uwansu na ƙarƙashin ƙasa. Sai aka ware babi ɗaya na hafilin da makwabtansu nom, wata ƙabilar gajeru, don su ne ba su da irin wannan tsohon yaƙi. A wannan babi aka ce hafilin ba sa kallon ababen bautarsu a matsayin iyayengiji na nesa, dangi suke ɗaukar su, magabata da suka yi fice har aka ɗaukaka su. Suna maganar Yondalla kamar uwa mai tsare 'ya'yanta, Brandobaris kuma kamar kawun nan mai rawar kai da kowa ke son jin labarinsa. Ba sa yawan roƙonsu buƙatun yau da kullum, ba su da manyan ɗakunan bauta, abin da ke riƙe da addinin shi ne labarin da tsofaffi ke ba yara bayan cin abinci.

Labarin farkonsu ma ya bambanta da na kowa. Duwaf, ubangijinsu Moradin ne ya ƙera su a maƙerarsa. Elf, daga jinin ubangijinsu Corellon suka fito. Hafilin kuwa, a ruwayar 2018, suna nan tun da, matsorata masu yawo suna neman abin kai wa baki, sai Yondalla ta gan su ta ɗauke su riƙo, ta tara su, ta koya musu zama wuri ɗaya. Bugu na huɗu na wasan, na 2008, ya sauya sunaye amma ya riƙe wannan jijiya: a can Avandra ce, mai sa'a da tafiye-tafiye, ta ɗauke su bayan waɗanda suka yi su sun bar su. 'Ya'yan riƙo ne ke nan, kuma ina ganin wannan ne mabuɗin halinsu duka. Wanda aka tsinta aka rufa wa asiri ba ya rufe ƙofa ga mai neman masauki. A kwatanta da ƙabilar ok, ƙattan mayaƙa masu haure. Su ma a tsohuwar ruwaya, da aka yi ƙuri'ar rabon ƙasa, ba a bar musu komai ba, sai ubangijinsu Gruumsh ya caka mashi a ƙasa ya yi rantsuwar za su ƙwace na kowa. Rashin ƙasa ɗaya ne, amsa biyu. Hafilin suka zaɓi su raɓu da manyan mutane, su yi noma a gefen garuruwansu, su buɗe masauki da gidan abinci, su zama makwabtan da ba wanda ke jin barazana daga gare su.

Tsawonsu kusan ƙafa uku, nauyinsu bai fi kilo 18 zuwa 20 ba, suna balaga a shekara 20, suna kai wa 150. Ƙauyukansu ƙanana ne, dattawa ke sasanta rigima, babu sarki. Wasunsu ba sa zama, suna yawo a keken doki ko kwalekwale iyali guda. Littattafan sun ce ƙauyen hafilin na da wuyar samu: runduna za ta bi ta kusa ba ta gan shi ba, ɗan fashi zai ɗauki hanya ya tsinci kansa inda ya fito. Wannan ma cikin tagomashin ake lissafa shi. Ka lura da siffarsa, ba a ce maƙiyi ya zo an karkashe shi ba, cewa aka yi bai iso ba.

Yanzu a koma kan dayis, don lissafin ya faɗi abin da labarin ke faɗa, har ya fi shi fitowa sarari. Dayis mai fuska 20, damar faɗowa a kan 1 ɗaya ce cikin 20, wato kashi 5 cikin ɗari. Ga hafilin sai 1 ta fito sau biyu a jere kafin ta kama shi, wato ɗaya cikin 400. Ragi ne babba. To amma me ya ƙaru a nasararsa? Matsakaicin jifan kowa 10.5 ne, nasa 10.975, bai kai ƙarin rabin lamba ba. Idan aiki na buƙatar 11 ko sama, kowa na da kashi 50, shi yana da 52.5. Idan ya jefa 2 ko 3 ko 7, ba wanda zai cece shi, ya faɗi kamar kowa. Damarsa ta samun 20 ma ɗan ƙanƙanin motsi ta yi, daga kashi 5 zuwa 5.25. Saboda haka mai neman gwarzon da zai riƙa sare kawunan dodanni ya yi kuskuren ƙofa. Abin da aka cire wa hafilin shi ne mafi munin sakamako, ranar da komai ke rushewa lokaci ɗaya.

Inda wannan ya fi nauyi shi ne bakin mutuwa. A ƙa'idar wasan, gwarzon da ya faɗi sumamme yana jefa dayis kowane zagaye. 10 ko sama, ya matsa kusa da tsira. Ƙasa da haka, ya matsa kusa da kabari. Faɗuwa uku, ya mutu. Amma 1 faɗuwa biyu ake lissafa ta.

Na ga wannan da idona a zauren gidanmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, lokacin hutun makaranta. Ƙanena ne jagora, 'ya'yan yayyenmu ne 'yan wasa, dayis ɗin kuma na manhajar waya ne don irin mai fuska 20 ba kasafai ake samun sa a kasuwanninmu ba. Ƙaramin cikinsu hafilin yake ja, mai majajjawa, kuma tun farkon labarin ya ɓata lokacin kowa wajen taya wata tsohuwa gyaran rufin ɗakinta, sauran na ta yi masa tsiya. A faɗa da 'yan fashi kibiya ta same shi ya faɗi. Jifan farko ya faɗi. Na biyu, waya ta nuna 1. Yaron ya ajiye fensirinsa, ya ture takardar gwarzon gefe, idonsa ya cika.

"Kawu, shi ke nan ya mutu ko?"

"Mi ne ne ƙabilarka? Karanta mini layin da na ce ka ja wa ƙasa."

Ya jawo takardar ya karanta a hankali, yana bin rubutun da yatsa. Ya sake taɓa wayar, 14 ta fito. Abin da ya burge ni shi ne yadda ƙanen nawa ya ba da labarin abin da ya faru. Bai ce haske ya sauko daga sama ba. Cewa ya yi ƙunshin guzurin da tsohuwar nan ta cusa masa a riga shi ya danne raunin da ya kifa a kansa, jinin ya tsaya. Babbar cikin yaran, wadda ta fi kowa yi masa tsiya a baya, ta ce, "Alheri danƙo ne." Ban san wani bayani na tagomashin hafilin da ya fi wannan dacewa da littattafan ba. Mai son ya ce Yondalla ce, ga hanya. Mai son ya ce ladan taimakon tsohuwa ne, ga hanya. A al'adar hafilin maganganun biyu ba sa karo.

A zaman nan ne kuma, da aka karanto ɗaya baiwar tasu, wadda ke ba su jifa biyu su zaɓi mafi kyau duk lokacin da wani abu ke neman firgita su, wani ya ce ai waɗannan Katsinawa ne, ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kirarin ya zauna musu daidai, mutane masu kara da karɓar baƙo waɗanda ake raina wa ƙarfin zuciya har sai rana ta ɓaci.

Sa'ar nan ba haka take tun farko ba, ta yi tafiya. A 1974 hobit mayaƙi ne da ba ya wuce mataki na 4 a matakan ƙwarewa, abin da yake da shi kawai juriya ga sihiri da iya harbi. A manyan littattafan ƙarshen shekarun 1970 juriyar ta dogara da ƙarfin jikinsa, wato taurin halitta ne, ba ruwansa da rabo. Bugu na uku, na shekarar 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya ba su ƙarin lamba ɗaya a kowane jifan tsira, ya kuma rage musu tumbi ya mai da su siraran matafiya don a nisanta su da hobit. Na 2008 ya ba su ikon tilasta wa maƙiyin da ya same su ya sake jifa sau ɗaya a kowane faɗa. Na 2014 ya kawo wadda muke magana a kai. A hankali kariyar ta tashi daga jiki ta koma ƙaddara, labarin tagomashi kuma yana ƙara kauri yana bin ta a baya. Mataki mafi kyau a ganina shi ne na 2017, a littafin Xanathar's Guide to Everything, inda aka ba hafilin damar koyon ara wa wani sa'arsa: abokin tafiya da ke tsakanin ƙafa 30 da shi ya jefa 1, sai hafilin ya ba shi damar sakewa, shi kuma ya zauna babu tasa sa'ar har ƙarshen zagayensa na gaba. Ƙofar Cyrrollalee ce aka mayar ƙa'ida. Baiwar da za ka iya miƙa wa baƙo ka kwana babu, ita ce ta yi kama da mutanen.

Sai dai labarin ba fari ne fat ba, kuma marubutan da suka fi gwaninta sun san haka. Ƙaramin mutum a duniyar ƙattai ba ya rayuwa da murmushi kaɗai. Brandobaris, mai alamar sawun ƙafa, ɓarawo ne, kuma yana zaune cikin iyalin Yondalla ba wanda ya kore shi. Littafin Races of the Wild na 2005 ya zurfafa, ya ce Yondalla tana da wata fuska ta ɓoye mai suna Dallah Thaun, uwargijiyar asirai da dabara da ramuwa, wadda hafilin ba sa ambata a gaban bare. A wannan ruwaya Yondalla ce ta yi su, da abubuwan da ta ɗebo daga sauran ƙabilu ba da izini ba, da aka kama ta sai aka sa ta ware ɓangaren nan na halinta ya zama wata daban. Uwa mai ciyarwa da rana, mai rama wa 'ya'yanta da dare. Wannan ya fi mini gaskiya a kan hoton ƙauye mai furanni kawai, don duk al'ummar da ba ta da runduna tana da abin da take ɓoyewa.

Tagomashin kuma yana da iyaka, labaran da kansu sun nuna. A duniyar Forgotten Realms, wadda Ed Greenwood ya ƙirƙira aka buga ta a 1987, hafilin na da ƙasa tasu a kudu mai suna Luiren. A can ne suka yi yaƙin basasa: wani reshe nasu ya bi wata mai hidima da ake kira Desva, suka koma bautar Malar, ubangijin farauta da zubar da jini, suka afka wa 'yan uwansu. Da aka ci su da yaƙi sai ragowarsu suka yi hijira zuwa dajin Chondalwood, suka zama masu gudun mutane, masu magana zuciya da zuciya ba tare da buɗe baki ba. Daga baya, a bala'in sihirin da ya faɗa wa wannan duniya a shekara ta 1385 ta lissafinsu, teku ya cinye Luiren. Garkuwar Yondalla ba ta tare ruwa ba. Abin da ya tsira shi ne waɗanda ke warwatse a garuruwan wasu da kan hanya, wato tsarin rayuwar da ba ya tara ƙwai a wuri ɗaya. A wannan duniya ma da yawansu Tymora suke girmamawa, uwargijiyar sa'a ta 'yan Adam, har suna cewa asalinta tasu ce, wayo ta yi wa dogayen mutane suka bi ta.

Wasu marubutan sun gwada cire tagomashin gaba ɗaya su ga me zai rage. A Dark Sun na 1991, duniyar hamada da babu ababen bauta, hafilin mazauna daji ne masu cin naman baƙo. A Eberron na Keith Baker, 2004, inda ba wanda ya taɓa ganin abin bauta ido da ido, wasunsu makiyaya ne masu hawan manyan ƙadangarun zamanin da a filayen Talenta, baiwar kuma ta koma tambari a jikin wasu zuri'o'i biyu: gidan Ghallanda na masauki, gidan Jorasco na warkarwa, su kuma Jorasco ba sa taɓa majiyyaci sai an biya. Karamci ya zama kasuwanci. A wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, 2009, an bar musu sa'ar amma aka sa da yawansu bayi a daular Cheliax, abin da ke fitar da su kuwa wata ƙungiyar asiri ce mai suna Bellflower, masu magana da kalmomin noma, gidan ɓuya rumbu ne, waɗanda ake tserarwa amfanin gona. A can sa'a ba ta tsinka sarƙa, mutane ne ke tsinka ta.

Akwai abin da ke damuna a wannan gini duka, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Cewa wata ƙabila an haife ta da albarka, wata kuma an haife ta da fushin ubangijinta, tunani ne da ya yi wa duniyarmu ta gaske ɓarna, kuma yaro mai shekara goma sha biyu da ke wasan yana shan sa ba tare da ya sani ba. Masu wasan sun daɗe suna wannan muhawara. A littafin 'yan wasa da aka sabunta a 2024 kamfanin Wizards of the Coast ya daina amfani da kalmar launin fata ga ƙabilun, ya cire ƙarin ƙarfi ko basira daga haihuwa ya mayar da shi kan sana'a da tarbiyyar gwarzo, ya kuma daidaita saurin tafiyar hafilin da na 'yan Adam, daga ƙafa 25 zuwa 30. Sa'ar dai an bar ta, amma da lafazi mai taka-tsantsan: hafilin da yawa ne suka yi imani cewa daga Yondalla ko Brandobaris ko Charmalaine, wata uwargijiyar tasu, take. An mayar da maganar bakin mutanen, littafin bai yanke hukunci ba. Wannan gyara ne mai kyau, kuma ya fi kusa da inda Tolkien ya bar abin.

Ya kuma sauƙaƙa wa masu jan wasa a nan gida. Iyaye da yawa a Katsina da Daura ba za su so jin sunayen ababen bauta a bakin 'ya'yansu ba ko da na ƙage ne, kuma suna da hujja. Ƙa'idar sake jifa ba ta ambaci sunan kowa ba, tana aiki ko an cire Yondalla da iyalinta kakaf. Abin da ba ya ciruwa shi ne ƙauyen. Idan aka cire shi, abin da zai rage gajeren ɓarawo ne mai ban dariya da dayis mai ɗan kyau, kuma haka mafi yawan teburori ke wasa da su, abin da nake ganin asara ce. Jagoran da yaro ya zo masa da hafilin, kafin ya tambaye shi makaminsa, ya tambaye shi wace ce kakarsa, wane labari take maimaitawa, wane baƙo ne ya taɓa kwana gidansu, me aka ƙunsa masa ranar da zai tafi, wa kuma yake bin sa bashin alheri a hanya. Daga amsoshin nan zai samo abin da zai faɗa duk ranar da 1 ta fito aka sake jefawa.